Garmahon da Aka Raba Kashi Biyar

Shekara goma sha ɗaya garmahon Baba ya yi a ɗakina a Gumel bai ce uffan ba. Ba lalacewa ya yi ba. In an kawo wuta na danna maɓallinsa, nan take farantin zai ɗauki juyi, ba ƙara ba gargada. Sai dai ba ni da faifan da zan ɗora masa, ko da na ɗora kuma babu abin da zai fitar da sautin. Matata ta sha cewa in bar ta ta riƙa jera kofuna a kai, tunda ya cinye mata rabin saman durowa. Na hana. Duk ranar Juma'a nakan yaye ƙyallen da na rufe shi da shi, in goge shi, in kunna ya yi ɗan juyinsa, in kashe.

Baba direban babbar mota ne, tsakanin Maigatari da Damagaram ya ƙarar da ƙarfinsa. A can Damagaram ya sayo garmahon, na hannu, wajen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin gari. Ba irin na dā ba ne mai ƙaho da ake wanawa da hannu. Na lantarki ne, ga nauyin tsiya, in ka ɗauke shi kamar ka rungumi dutsen niƙa. Wani mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Gumel ya taɓa buɗe mini cikinsa ya nuna mini abin da ya sa ya ƙi mutuwa. Ya ce yawancin garmaho bel ne na roba ke jan farantinsu, zafin ƙasarmu kuwa ba ya ƙyale roba, shekara kaɗan sai ta saki ko ta narke ta yi danƙo. Wannan babu bel a cikinsa. Injin yana ƙarƙashin farantin daidai tsakiya, shi ke juya shi kai tsaye. Kana iya dafe faifai da yatsa ya tsaya, ka mayar da shi baya, ka saki ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Amma garmaho irin wannan ba ya magana shi kaɗai. Sai an haɗa shi da akwatin ƙara sauti, wanda muke ce wa amfilifaya, daga nan waya ta tafi ga sifika biyu, sannan a ɗora faifai. Haka kayan suke a jere a ɗakin Baba tun muna yara. Da ya rasu aka zo rabon gado, gida da gona ba su ba kowa wahala ba. Da aka zo kan ƙananan kaya sai yayanmu, wanda duk muke kira Yaya, ya riƙa fito da su tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, malamin da ke rabon yana faɗin inda kowanne ya faɗa. Amfilifaya ta faɗa wa Yaya. Mai farantin ya faɗo mini. Sifika biyu, mata biyu, aka ba kowace ɗaya: ƙanwata da ke aure a Gagarawa ta ɗauki ta dama, autarmu ta Sule Tankarkar ta ɗauki ta hagu. Faya-fayen kuma aka sa su cikin tumunin Inna, mahaifiyarmu.

Ni malamin firamare ne, kuma ina da cutar malamai: ba na iya ganin kuskure in wuce. Ga saurin baki, wanda ban gada wajen kowa ba a gidanmu. Ina zaune ina kallo har aka gama, sai na ji bakina ya ce, a gaban malam da kawunnanmu da maƙwabta:

“Wannan ai rabon jahilci ne. Kamar a raba jaki, wani ya ɗauki kai wani ya ɗauki ƙafafu, sannan a ce kowa ya hau nasa.”

Wasu suka yi dariya, abin da ya ƙara ɓata lamarin ke nan. Malam ya yi kamar bai ji ba, ya shafa fatiha. Yaya ya sunkuya ya ɗauki amfilifayarsa ya shige ɗaki. Sai a lokacin na tuna wa na jefa da kalmar. Yaya a aji huɗu ya bar makaranta ya bi motar Baba, kuma da guminsa aka saya mini littattafai har na gama kwalejin horon malamai. Na san na yi ɓarna tun kafin in tashi daga tabarmar. Amma magana zarar bunu ce, ni kuwa a lokacin girman kai bai bar ni na bi shi ɗakin ba. Na ce gobe. Goben nan ita ce ta zama shekara goma sha ɗaya.

Ba gaba muka yi irin ta ƙin gaisawa ba. In mun haɗu a suna ko jana'iza zan durƙusa in gaishe shi, ya amsa, ya tambayi iyali, shi ke nan. Inna tana gidan gado a Maigatari, Yaya ke riƙe da ita. Sai na mayar da zuwa gaishe ta ranar Alhamis, ranar kasuwa, don na san tun safe Yaya yana tasha wajen lodin motoci, ba zai dawo ba sai magariba. In je, in zauna da ita, in ci tuwo, kafin la'asar na hau mota na koma Gumel. Ina ganin dabara nake yi.

A 'yan shekarun nan kunnen Inna ya fara tafiya. Na hagu ya riga ya rufe gaba ɗaya. Na dama ne ya rage, shi ma sai ka matso ka ɗaga murya. An kai ta asibiti, aka ce tsufa ne, kuma abin gaba zai riƙa yi ba baya ba. Ba ta damu ba a fuska. Takan ce ta ji abin da ya ishe ta a duniya, sauran ma yawanci gulma ce.

Wata Alhamis da kaka, ana ta shigo da riɗi gari, na same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince zoɓo a faranti tana wani ɗan gunaguni. Da na matso sai na ji ba gunaguni ba ne, waƙa ce take bi a hankali, ta kai wani wuri ta tsaya, ta koma farko. Da ta gan ni ta yi shiru. Muka gaisa. Can ta ce:

“Malam, abin nan na babanku da ke wajenka, yana nan?”

Malam take ce mini in tana son tsokana, ko in tana son wani abu. Na ce yana nan lafiya lau.

“Akwai waƙar da yake sawa duk ranar da ya dawo daga tafiya. Duk na riƙe ta, sai wuri ɗaya. Baiti ɗaya ne ya ɓace mini. Na neme shi na neme shi, kamar wanda ya ajiye allura a cikin gero. Ina so in ji shi kafin wannan ma ya rufe.”

Ta taɓa kunnenta na dama. Inna ba mai roƙo ba ce. Tunda nake ban taɓa jin ta nemi wani abu don jin daɗin kanta ba.

Na ce mata ai sai an haɗa kayan duka, kuma amfilifaya tana nan gidan, a wajen Yaya, ɗakinsa ga shi can taku goma. Ta kalle ni kallon da ake yi wa wanda ya yi karatu amma bai san komai ba. Yaya ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, tun yana jariri kakarmu ta ɗauke shi ta yaye shi. “Yayanku” take cewa, ko “wancan”. Ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama su yi hira. In tana son magani ko goro, matarsa take gaya wa. Shi ma in ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa. Mutanen yanzu sun fara sakin wannan kunya, su Inna kuwa da ita za su tafi. To, matar da ba ta iya ce wa ɗanta miƙo mini ruwa, ta yaya za ta ce masa tana son jin waƙar da mijinta ke sa mata? Shekara goma sha ɗaya faya-fayen suna ƙarƙashin gadonta, amfilifaya tana ɗakinsa, kuma ba ta taɓa buɗe baki ba.

Na fara da mai sauƙi. Ranar Asabar na tafi Gagarawa wajen ƙanwata. Na same ta a tsakar gida tana suyar awara, zaune a kan wani baƙin akwati. Sai da na gama gaisawa na lura akwatin sifikar Baba ce, an kwantar da ita an ɗora mata buhu. Na ji bakina yana ƙaiƙayi, na danne shi. Da muka juya ta muka duba, ɓeraye sun cinye takardar cikin tas, har sun yi sheƙa da tsumma.

“Kai dai kar ka fara,” in ji ta. “Gadona ne, na ga ya fi kujera tsayi. Me aka ce in yi da sifika guda, in riƙa yi mata magana tana amsawa?”

Na gaya mata abin da Inna ta ce. Ta ajiye matsamin awarar, idonta ya kawo ruwa. Sannan ta ce in je wajen auta, ita ba ta taɓa yar da ko tsinke ba. Ta ƙara da cewa sifika ɗaya ma ta isa, tunda kunnen da za a sa wa ɗaya ne. Muka yi dariya, ba don abin da daɗi ba.

Auta kuwa na tarar ta naɗe tata a cikin tsohon bargon Baba, ta ɗora a saman kabad tare da kwanukan aurenta. Ba ta taɓa barin yaro ya taɓa ba. Sai da na yi mata alkawari sau biyu zan dawo mata da kayanta kafin ta bari mijinta ya sauko da ita. Daga Sule Tankarkar zuwa Gumel a bayan babur na rungumo ta, mai babur yana tambayata ko biki za mu yi. Mai gyaran rediyon nan ya gwada ta, ta yi magana. Ya duba allurar garmahon da gilashin ƙara girma ya ce da sauranta, ai hutawa ta yi. Ya canja mini wayoyin ja da fari da suka bushe, ya ɗiga mai a inda hannun allurar ke juyawa.

Saura amfilifaya. Sati biyu na yi ina kewaye-kewaye. Na yi tunanin aro a wajen masu kiɗan biki, mai gyara ya ce nasu na yanzu ba su da ƙofar da garmaho ke shiga, sautin zai fito kamar kukan sauro. Na yi tunanin aika matata wajen matar Yaya. Matata ta ce ba ita ta yi maganar jaki ba. Alhamis ɗin da ta biyo na je gaida Inna, na yi mata sallama sau uku daga bakin ƙofa ba ta juyo ba, sai da na taɓa kafaɗarta. Ba ta tambaye ni zancen garmaho ba, kuma rashin tambayar ya fi tambayar ciwo. A mota ina komawa na ce wa kaina, in kunnen nan ya rufe ina nan ina lallashin girman kaina, ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Ranar Asabar na ɗauki shatar mota, na sa garmaho a cinyata, sifika a baya. Na sauke kayan a zaure na wuce tasha. Yaya yana zaune a benci a rumfarsa, ana loda buhunan riɗi a wata babbar mota. Gemunsa ya yi fari fiye da yadda na sani, don na daɗe ban dube shi sosai ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya dube ni.

“Ɗan lakwal, yau ai ba Alhamis ba ce.”

Ɗan lakwal, wato ɗan makaranta a bakin mutanen ƙetare, shi ne sunan tsokanar da yake kirana da shi muna yara. Rabon da in ji shi tun Baba yana da rai. Kuma ashe duk dabarar Alhamis ɗin da nake yi yana sane. Kunya ta rufe ni, na rasa ta inda zan fara, duk jawabin da na shirya a mota ya gudu.

“Yaya, na zo ne kan maganar da na yi ranar rabo. Ban kyauta ba. Ka yafe mini.”

Ya daɗe yana kallon masu lodi. Ya ce wa wani ya gyara igiya. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba:

“Kana tsammani ban san kayan nan ba sa rabuwa ba? Ni nake haɗa wa Baba wayoyinsu tun kana rarrafe. Na gaya wa malam tun kafin a zauna. Ya ce hanya biyu ce, ko a sayar gaba ɗaya a raba abin da aka samu, ko a raba kayan. Ni kuwa ban ga ƙafar da zan ɗauki garmahon Baba in kai kasuwa ba. Na ce gara kowa ya riƙe guntu, yana nan dai a cikin gida.”

Ya ce ya yafe tun tuni, sai dai abin ya yi masa zafi, kuma ya jira in zo ban zo ba. Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Da na ambaci Inna da waƙa sai ya sunkuyar da kai kamar ita ce a gabansa. Ya miƙe ya bar wa abokin aikinsa lodin, muka taho gida tare, yana gaba ina baya.

Amfilifayar tana cikin akwatin ƙarfe, an naɗe ta da leda. Bayan azahar muka shigar da kayan ɗakin Inna. Yaya ya jawo waya daga batirin solarsa har bakin ƙofa, ya miƙo mini kan wayar, shi bai shigo ba. Daga nan bakin ƙofa yake gaya mini inda kowace waya za ta shiga, har da siririyar nan da ake ɗaurewa a kusa don hana gurnani, wadda ni na manta da ita. Inna ta jawo akwatin faya-fayen daga ƙarƙashin gado. A tsaye ta jera su kamar yadda Baba yake yi, shi ya sa ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Ba ta karatun boko, amma ba ta yi lalube ba. Ta zaro wanda kusurwar kwalinsa ta yage, da tabon manja a gefe, ta miƙo mini.

Na wanke shi da ruwa da ƙyalle mai laushi, na bar shi ya sha iska a inuwa. Na sa sifikar a kan kujera daidai kunnenta na dama. Na ɗora faifai, na danna maɓalli, na sauke allura a hankali. Aka ɗan yi ƙas-ƙas, sai goge ya shigo, ƙwarya ta bi shi, sannan muryar wani mawaƙi na ƙasar Damagaram yana yabon wani attajirin fataken shanu. Ɗakin nan ya cika da sautin da na sani tun ban san kaina ba. Matar Yaya ta bar wanke-wanke ta zo ta tsaya a taga. Inna ta matsa har kunnenta ya kusa taɓa ƙyallen sifikar, leɓenta yana motsi, tana bin waƙar kalma bayan kalma. Tana ji. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin hannuna.

Waƙar ta ƙare. Inna ta ɗago ta ce:

“An tsallake.”

Na ce ba a tsallake komai ba, amma bari a sake. Na mayar da allura farko. Ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai. Ta ce wurin yana bayan inda mawaƙin ya ambaci rijiyar da attajirin ya haƙa. Na kai allura wurin. Mawaƙin ya faɗi rijiya, sai ya yi shiru ya bar goge shi kaɗai yana ta kai da komo na ɗan lokaci, sannan ya dawo da baiti na gaba. Na dafe faifan da yatsa, na mayar da shi baya, na saki. Rijiya, goge, baiti na gaba. Na rage gudun farantin kaɗan ko kunnenta zai fi kamawa. Na ɗaga faifan a haske na duba ko akwai ƙarcen da ke sa allura tsalle. Babu. Layin a miƙe yake sumul.

“Nan ne,” in ji ta. “A nan yake. Ya aka yi babu?”

Na ji tsohuwar cutata tana tasowa. Har na buɗe baki zan ce mata faifai ba ya mantuwa, mutum ne ke mantuwa, wataƙila wata waƙar ce ta haɗa da wannan. Allah ya taimake ni na dubi fuskarta kafin in faɗa. Ba gardama take yi ba, tsoro ne a fuskar. Tana ganin ko dai kunnen ne ya riga ya mutu a daidai wurin da take nema, ko kuma hankalinta ne ya fara tafiya. Na rufe bakina.

Sai Yaya ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Da ni ya yi magana, a hankali, yadda ya san ba za ta ji ba.

“Ba a cikin faifan yake ba. Baba ne ke sa nasa a wurin. In mawaƙin ya yi shiru, sai shi ya cike. A mota ma yana yi, da mun wuce duwan, wato kwastan na ƙetare, mun shigo ƙasarmu.”

Na matsa kusa da shi na ce ya gaya mini. Ya dubi ƙasa, ya faɗa mini kalmomin da sauri kamar mai biyan laifi: 'yar mai fura ta bakin tasha, ɗora ruwa, mota ta ƙetaro iyaka. Ban taɓa sanin Inna ta yi tallan fura a tasha ba, ban kuma taɓa tambayar inda suka haɗu da Baba ba. Mu ƙanana in Baba ya dawo tsarabar muke bi, ba mu san abin da ake rerawa a ɗaki ba.

Na koma na durƙusa kusa da kunnenta, na gaya mata ba a faifai yake ba, Baba ne ke ƙarawa. Na faɗa mata kalmomin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, kamar ina yi wa 'yan aji uku shifta. Ta saurara. Ta maimaita su a hankali, ta gwada sa su a cikin waƙar, suka ƙi zama. Ta sake gwadawa.

“Kalmomin su ne,” ta ce. “Amma ba haka yake faɗa ba.”

Na mayar da faifan na gwada rerawa a kan gogen. Ni da waƙa kuwa sai dai a yi haƙuri, ban ma san inda ake shiga ba. Na shiga da wuri, na fita a makare, matar Yaya ta toshe baki a taga. Inna ta ɗan yi murmushi ta dafa hannuna, ta ce ya isa, Allah ya yi albarka, ta gode. Ta fara mayar da kwalin faifan kan cinyarta kamar an gama. Na san ba a gama ba, ta haƙura ne kawai, irin haƙurin da ta saba.

Ban dubi Yaya ba, don ba ni da bakin da zan roƙe shi wannan. Mutum ne mai jikoki, wanda a tasha ba a jin ko dariyarsa da ƙarfi. Kuma baitin miji ne ga matarsa, ita kuwa matar uwarsa ce da ba su taɓa haɗa ido ba. Farantin yana ta juyi ba allura. Sai na ji ya ce:

“Ɗan lakwal, mayar da shi kan rijiya.”

Ya cire takalmansa ya shigo. Ya zauna a ƙasa gefen damanta, ya juya mata baya, fuskarsa tana kallon bango. Na sauke allura. Mawaƙin ya faɗi rijiya ya yi shiru, goge ya ɗauka, Yaya ya bari ya yi kai da komo sau ɗaya, sannan ya shiga. Da ƙarfi ya rera, don dole sai da ƙarfi. Muryar ta ɗan karye a farko, ta miƙe, kuma muryar Baba ce sak, har da yadda yake jan ƙarshen kalma. Ya gama daidai inda mawaƙin ya dawo.

Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba ta yi motsi ba har waƙar ta kai ƙarshe, allura ta shiga layin tsakiya tana ƙas-ƙas. Na ɗage ta. Yaya yana nan yadda yake, yana kallon bango, wuyansa ya jiƙe da gumi. Can Inna ta laluba ta kamo hannun rigata, ta jawo ni kusa, fuskarta har yanzu a rufe.

“Ka ce wa yayanku ya sake.”

Ba sai na faɗa masa ba, ya ji. Na sa hannu na mayar da allura kan rijiya.